Ajin iyaye na sati takwas da muka shiga ni da maigidana, ga abin da na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda muka gama ajin nan ƙawayena ke ta tambayata wai yaya ne, yayi amfani ko dai ɓata lokaci ne kawai, ni kuma kullum sai ince zan faɗa muku in na samu sarari, toh yau dai yarinya tayi bacci da wuri bari in zauna in rubuta komai gaba ɗaya. Ba zan saka sunan masu ajin ba, domin ba talla nake musu ba, kuma akwai wuraren da zan faɗi inda suka gaza, bana son ya zama kamar tonon silili nake yiwa wani.

Ajin ta intanet ake yinsa, kiran bidiyo, sau ɗaya a sati da daddare, awa ɗaya da rabi, har sati takwas. Mu ma'aurata shida ne a rukuninmu, kowa da ƙananan yara, daga mai jaririn wata huɗu har mai ɗan shekara biyar. Malamai biyu ne, mace da namiji, dukkansu sun karanci halayyar ɗan adam ɓangaren yara da iyali. Banda zaman taron akwai zama biyu na sirri, ku biyu kawai da malama, sai ɗan littafi da suke turowa a waya da aikin gida kowane sati. Sharaɗinsu ɗaya ne mai tsauri, sai miji da mata sun shiga tare, in ɗaya ya fashe sau biyu a jere sai su kira ku su ji ko lafiya.

Abin da ya kai mu kuwa 'yarmu ce, lokacin tana da shekara biyu da wata bakwai. Yarinyar da a da take bacci har safe sai ta koma tashi sau uku sau huɗu cikin dare tana kuka irin na firgita, da rana kuma ta manne min kamar ƙaska, ko banɗaki zan shiga sai ta tsaya bakin ƙofa tana dukanta tana ihu, ga cizo da ta fara, ta ciji yaran mutane har sau uku a wata ɗaya. Mun kai ta asibiti likita ya duba kunne, ya duba haƙora, aka auna jini, yace lafiyarta ƙalau. Ni a tunanina zan shiga ajin ne a bani dabarun yadda ake hana yaro cizo da yadda ake sa shi bacci, har na kawo biro da takarda zan rubuta na ɗaya na biyu na uku.

Zaman sirri na farko kuwa malama ta bari na gama zayyano mata duk halin yarinyar, bata katse ni ba ko sau ɗaya, sai da na kai aya sannan tace, "Maman yarinya, Baban yarinya, yaushe rabon da ku zauna ku biyu kuyi hira wadda bata shafi hidimar gida ko yarinyar nan ba?" Wallahi shiru muka yi dukkanmu. Raina ma ya ɗan sosu, nace mata Malama mu fa bama faɗa a gabanta, ko murya bama ɗagawa, babu maƙwabcin da zai ce ya taɓa jin kanmu. Kuma gaskiya na faɗa. Sai tace toh idan kun saɓa me kuke yi? Nan maigidana ya amsa, yace gaba muke yi. Kwana uku, kwana huɗu, wani lokaci sati guda babu mai cewa wani komai sai abin da ya zama dole, gaisuwa ma a daƙile, shi yana falo da wayarsa ni ina ɗaki da tawa, in ina son wani abu a wajensa sai ince da yarinyar je ki ce wa Abba kaza. Ni duk a ganina wannan shine haƙuri da kawaici, ai gara shiru da hayaniya. Malama tace ruwa baya tsami banza, mu koma mu duba lokacin da yarinyar ta fara tashin dare mu haɗa shi da abin da ke faruwa tsakaninmu a watannin. Da muka koma muka lissafa sai ga shi ya zo daidai da lokacin da aka canza masa wajen aiki, ya koma dawowa a makare a gajiye, ni kuma na ɗauki abin da zafi muka shiga gaba kusan duk bayan sati biyu.

Sati na biyu ne ya girgiza ni, kuma saboda shi kaɗai ma zan iya cewa ajin ya biya. Sun saka mana bidiyon wani gwaji da wani masani ɗan Amurka Edward Tronick ya fara gabatarwa a 1975. Uwa ce zaune gaban jaririyarta suna wasa, tana mata murmushi tana mata magana, yarinyar tana nuna abu uwar tana kallon wajen, komai lafiya lau. Sai a ce wa uwar ta juya kai ta juyo da fuska a daskare, ba fushi ba murmushi, kawai ta zuba mata ido kamar gunki na kamar minti biyu. 'Yan uwa ku ga yadda yarinyar nan ta rikice. Da farko tayi murmushi don ta jawo uwar, bata samu amsa ba, ta nuna abu da yatsa, ta miƙa hannu biyu, tayi 'yar ƙara, daga nan ta fara kauda kai tana banƙarewa a kujera sai kuka. Minti biyu fa kawai, kuma ba a dake ta ba, ba a yi mata tsawa ba, uwar tana nan zaune a gabanta. Da uwar ta saki fuska ta dawo da wasa, cikin ɗan lokaci yarinyar ta lafa.

Ina kallon bidiyon nan hawaye suka zubo min, domin wannan fuskar na santa, ita ce fuskata a kwanakin gaba. Ba da yarinyar nake fushi ba amma fuska ɗaya gare ni, wadda na ɗaure wa babanta ita ce dai take gani lokacin da nake mata wanka ina sa mata kaya hankalina yana can ina tsara maganganun da zan faɗa masa da waɗanda ba zan faɗa ba. Tayi min gwaranci in ce uhm ban ma ji me tace ba. Labarin zuciya ai a tambayi fuska, kuma yaro ɗan shekara biyu ba shi da wani littafin da yake karantawa sai fuskar uwarsa da ta ubansa, daga nan yake gane ko duniya lafiya take yau ko ba lafiya ba.

Malamin namiji shi ya mana bayanin ƙwaƙwalwa, kuma na ji daɗin yadda bai cika mu da manyan kalmomi ba. Yace a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sabbin jijiyoyin sadarwa sama da miliyan ɗaya a duk daƙiƙa, kamar yadda cibiyar nazarin tasowar yara ta jami'ar Harvard take bayani, kuma abin da ke ƙarfafa su shine 'yar musayar nan ta yau da kullum, yaro yayi sauti ka amsa, ya nuna abu ka kalla ka faɗi sunansa, yayi dariya ka mayar masa. Kamar wasan jefa ƙwallo ne, ya jefo ka cafe ka mayar. Matsalar ita ce babban da ransa ke ɓace baya cafe ƙwallon, ko ya cafe a makare ko ya mayar da tsawa, shi yasa abin da ke tsakanin miji da mata yake malalowa kan yaro ko da babu wanda ya nufe shi da komai. Yace idan yaro na cikin fargaba jikinsa na fitar da sinadarin kotizol, wanda ba laifi bane in na ɗan lokaci ne kuma akwai babban da zai rarrashe shi ya sauka, amma in fargabar ta zama ta kullum kuma wanda zai rarrashe shi shine ma tushen fargabar, toh nan ne bacci ke lalacewa, yaro ya zama mai saurin firgita da rashin natsuwa.

Akwai wata mai jaririn wata huɗu da tace ai nata ƙarami ne bai san komai ba tukuna, ni ma da haka zan ce. Sai suka kawo mana binciken da aka yi a jami'ar Oregon aka wallafa a 2013, jarirai 20 'yan wata 6 zuwa 12, an saka su a na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna bacci, aka saka musu muryar wani mutum yana faɗin maganganu marasa ma'ana, wani lokaci cikin fushi sosai, wani cikin fara'a, wani kuma murya kawai. Jariran da iyayensu mata suka ce ana yawan rigima a gidansu, ƙwaƙwalwarsu tafi motsawa da jin muryar fushin, a sassan da suka shafi fargaba da sarrafa motsin rai, kuma suna bacci fa. Malama da kanta tace jarirai 20 ba su da yawa kada mu ɗauke shi kamar an yanke hukunci, wannan gaskiyar tata ma ta ƙara min yarda da ita, domin da tana son ta tsorata mu ne kawai da bata faɗa ba.

Amma abin da yafi tsaya min shine maganar wani farfesa Mark Cummings na jami'ar Notre Dame, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda yara ke ji idan manya sun saɓa, shi da abokin aikinsa Patrick Davies suka fitar da bayaninsu a 1994 cewa yaro ba dangantakarsa da uwa ko da uba kaɗai yake sa wa ido ba, har da dangantakar su biyun, domin a kanta yake tsaye, in ta girgiza shi ma ya girgiza. Kuma binciken nasu ya nuna janye jiki da ɗaure fuska da ƙin magana suma suna damun yara, ba sai an yi ihu ba. Shiru ma magana ce ashe har a kunnen yaro. Na tambayi malama nace toh ya za mu yi, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa, ko so kuke mu zama mala'iku? Tayi murmushi tace babu mai cewa kada ku saɓa, abin da aka gani shine idan yara suka ga an saɓa sannan suka ga an shirya, damuwarsu na sauka sosai, har ma suna koyon cewa ɓacin rai ba ƙarshen soyayya bane. Tace shi kansa Tronick ya gano uwa da jaririnta ba sa daidaitawa da juna sai kamar kashi 30 cikin 100 na lokaci, sauran duk kuskure ne da gyara, kuskure da gyara, kuma a cikin gyaran ne yaro ke koyon juriya.

Nan na gane inda muke tafka kuskure. Mu muna yin gabarmu a fili yarinya na gani kwana da kwanaki, in mun tashi shiryawa kuma sai cikin dare bayan tayi bacci, ƙofa a rufe. Ita dai ta ga hadari ya haɗu, washegari ta ga gari ya waye tas, bata san me ya faru ba, bata san yaushe zai sake haɗuwa ba, shi yasa take riƙe da zanina ko ina. Aikin gidan wannan satin shine in kun shirya ku bari yaro ya gani, ba sai an masa dogon bayani ba. Ranar da muka fara gwadawa abin ya mana nauyi sosai, da safe ya zo ya zauna kusa dani a gabanta yace kiyi haƙuri da maganar jiya, nace ni ma kayi haƙuri, sai na juya nace mata Abba da Mama sun yi fushi jiya amma yanzu sun shirya, ba ke kika yi laifi ba. Yarinyar nan ta tsaya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta kama hannunsa ta ɗora a kan nawa ta koma wasanta. Shi kansa sai da ya tashi ya shiga ɗaki na ɗan lokaci, da ya fito idonsa yayi ja.

Sati na huɗu da na biyar kan mu ma'auratan ne zalla, a nan suka yi amfani da aikin John Gottman, masanin da ya daɗe yana nazarin ma'aurata a jami'ar Washington da ke Siyatil. Ya gano kusan biyu cikin uku na ma'aurata jin daɗin aurensu yana raguwa a shekaru ukun farko bayan haihuwar fari, da aka faɗi wannan sai naga kowa a rukunin ya sauke ajiyar zuciya, domin kowa ya zaci shi kaɗai ne. Ya kuma lissafa halaye huɗu masu rusa aure, sukar halin mutum gaba ɗaya maimakon abin da yayi, raini, kare kai ko da kai ne da laifi, da yin gum ka toshe kunne. Raini ne yafi muni a cikinsu, harara, tsaki, murguɗa baki, kwaikwayon maganar mutum. Ni nawa tsaki ne da gum, shi nasa kare kai ne, duk abin da na faɗa sai ya nemo wanda ni ma na taɓa yi a bara. Sun koya mana in zuciya ta hau a dakata aƙalla minti 20 kowa ya huce, amma da sharaɗin sai an faɗi lokacin da za a dawo kan maganar, kace bari in huce zuwa bayan yarinya tayi bacci mu ƙarasa. Wannan ɗan sharaɗin shi ya raba hutawa da gaba, domin a gaba ba ka san ranar dawowa ba. Har yanzu shi muke amfani da shi, ba kullum yake aiki ba, akwai ranar da minti 20 ɗin ya zama kwana ɗaya, amma bamu sake kai kwana uku ba tun lokacin.

A zaman sirri na biyu maigidana ya faɗi maganar da ban taɓa ji daga bakinsa ba a shekara huɗu. Yace tunda aka haifi yarinyar nan ji yake kamar baƙo a gidansa, duk abin da ya taɓa sai na gyara, ya ɗauke ta ince ba haka ake riƙe ta ba, ya sa mata riga ince ba wannan ba, har ya haƙura ya ja gefe, ni kuma ina ganin ja gefen nan a matsayin bai damu ba. Malama bata bi bayan kowa ba, tace min in ina son ya saba da 'yarsa sai na bar shi yayi nasa salon ko da rigar ta juye, shi kuma tace masa ja gefe ba mafita bace, yarinya bata san dalilinsa ba ita dai taga Abba baya zuwa. Yanzu shi ke kwantar da ita kwana uku a sati, ni bana ma shiga ɗakin, ina jiyo su yana mata labarin da ba kai ba gindi tana ƙyalƙyala dariya.

Toh bari in zo inda basu gamsar dani ba, domin akwai.

Na farko maganar ciwon damuwa bayan haihuwa, a gurguje suka wuce ta, ko minti ashirin bata samu ba a sati na shida, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa musamman damuwa, a ƙasashe masu tasowa ma abin ya kusa kashi 20, kuma wani nazari da aka wallafa a 2010 ya nuna maza ma kusan ɗaya cikin goma na shiga wannan hali. A rukuninmu akwai wata baiwar Allah da duk alamu sun nuna tana ciki, bata magana sai an kira sunanta, da tayi magana kuma sai kuka. Na san sun kira ta a gefe daga baya domin ita ta faɗa min, amma da sun ba abin zama guda cikakke da mazan ma sun gane cewa matar da ta daskare ba lallai rashin so bane ko taurin kai, ciwo ne kuma yana da magani. Fuskar nan ta gwajin Tronick ai ita ce fuskar uwar da ke cikin damuwa, ba minti biyu ba, wata da watanni.

Na biyu littafin nasu an rubuta shi kamar duk yaro a duniya manya biyu ne kawai a kansa, uwa da uba shikenan. Kaka fa? Mai reno fa? Malamar makarantar raino da yaro ke yini a hannunta fa? Sai sati na bakwai aka ɗan taɓa, shi ma don wani bawan Allah ya tambaya ne saboda matarsa da mahaifiyarsa basa jituwa kuma yaron yana tsakaninsu kullum, wannan ta hana wannan ta bari. Amsar da aka bashi mai kyau ce, cewa duk manyan da ke kula da yaro in suna kushe juna a gabansa shi ake rabawa gida biyu, amma ya kamata a ce yana cikin tsarin tun farko. Haka kuma sharaɗin sai miji da mata ya rufe ƙofa ga wadda aurenta ya mutu ko mijinta ya rasu, ina da ƙawa da take rainon yara biyu ita kaɗai, da na bata labarin sati na biyu sai jikinta yayi sanyi tace toh nata yaran shikenan kenan? Na kai wa malama wannan tambayar, ta bani labarin binciken wata masaniya Emmy Werner a tsibirin Kauai na Hawai a Amurka, inda aka bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka girma, cikin waɗanda suka taso a mawuyacin hali kusan ɗaya cikin uku sun zama manya nagartattu masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shine akwai aƙalla babba ɗaya tsayayye da ya riƙe su da ƙauna, wani kaka ce, wani yaya, wani malami. Na kai wa ƙawata ta ji sanyi a ranta, amma me zai hana su buɗe rukuni na irinsu? Sunce suna tunani.

Sai ƙananan abubuwa, bidiyoyin duk da Turanci suke ba fassara a ƙasa, malamai ne ke tsayarwa suna bayani, wannan na cin lokaci. Guruf ɗin WhatsApp da suka buɗe mana kuma ba mai kula da shi, mutane suka mayar da shi wajen tura duk abin da suka tsinta, har wata ta fara kawo ƙarar mijinta a ciki alhali yana ciki, abin bai yi daɗi ba sam, sai da malama ta shigo ta tsawatar. Ni shawarata in kun shiga ku kashe ƙarar guruf ɗin ku tsaya kan zaman aji. Sau biyu kuma aka fara a makare da kusan minti goma sha biyar, ga masu ƙananan yara da suka yi dabara suka kwantar dasu don su samu lokacin, minti goma sha biyar ba wasa bane.

Abu ɗaya da na yaba musu sosai, tun kafin a fara sun kira kowannenmu shi kaɗai, ni daban shi daban, suka tambaya ko akwai duka ko barazana ko tsoro a gidan. Sunce in akwai wannan ajin ba shine wajen ba, domin ba a zaunar da wanda ake duka da mai dukansa a ce su koyi sauraron juna, sai an fara tsare lafiyarta da ta yaran tukuna, kuma suna da inda suke tura mutum. Don Allah duk wadda ke cikin irin wannan hali kada ta karanta rubutun nan ta ɗauka ita ce bata iya sulhu ba, wannan maganar daban ce.

Yarinyar fa? Ba zan ce muku sati ɗaya komai ya gyaru ba. Har sati na biyar tana tashin dare, sai dai ya ragu zuwa sau ɗaya, kuma kukan ba irin na firgitar nan bane, ta kira Mama in amsa daga inda nake ta koma. Cizon ya tsaya wajen sati na shida, kuma a nan ba zan rantse cewa ajin ne kaɗai ba, domin a daidai lokacin bakinta ya ƙara buɗewa ta fara iya cewa bana so da bani nawa, malama ma tace yaro in ya samu kalma yakan ajiye haƙori. Mannewar ce tafi daɗewa, har yanzu in taji muryarmu ta ɗan canza ko da kan abin banza ne sai ta bar wasa ta zo ta tsaya tsakaninmu tana kallon fuskokinmu, sai ɗayanmu ya durƙusa yace mata magana kawai muke yi, muna nan lafiya, sannan ta tafi. Sun ba mu dabarun baccin da na zo nema tun farko, a sati na takwas, shafi ɗaya ne kacal, lokaci ɗaya kullum, a rage haske, a ajiye waya, abubuwan da na riga na sani.

In za ku shiga irin wannan aji ku tambaya tun farko ko malaman sun yi karatun abin da gaske, ko akwai zaman sirri banda na taro, ko suna tantance maganar duka kafin a fara, da kuma mutum nawa ne a rukuni, domin mu shida ma wani lokaci ba kowa ke samun magana ba, in sun wuce haka lacca ce kawai za ku sha. Ku samu wanda zai riƙe muku yaro na awa ɗaya da rabin nan in da hali, mun yi zama biyu tana kan cinyata rabin abin da aka faɗa bai shiga kaina ba sai da maigidana ya maimaita min. Kuma ku shirya jin abin da ba shi kuka zo ji ba, mazan rukuninmu biyu sun so su gudu bayan sati na farko, malamin namiji ne ya kira su ɗaya ɗaya suka dawo, ɗayansu ma daga baya shi yafi kowa tambaya.

A cikin biyar zan basu huɗu, ɗayan na riƙe shi saboda maganar ciwon damuwa da iyayen da ke raino su kaɗai. Akwai zaman bibiya da za su yi mana bayan wata uku, mun riga mun saka sunanmu, kuma na rubuta musu waɗannan ƙorafe-ƙorafen guda biyu a takardar da suka turo ta jin ra'ayi, zan sake tada su a ranar in Allah ya kai mu.